Ranar da Saje Guduma Ya Bi Ɓarawo a Hankali

Ni dai tun ranar farko na ce kuskure ne, amma wa ke jin maganar kofur, kofur ɗin ma mace? Na ce kada a koya mana sabuwar doka a jikin ɓarawo. Sufeto ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To Kofur, a jikinki za a koya?" Na janye maganata, don ni ma ba na son a murɗe mini hannu.

Abin da ya faru shi ne, hedikwata ta aiko mana da sababbin ƙa'idoji a kan kama mutum: yaushe ɗan sanda zai bi shi da gudu, yaushe zai taɓa shi, yaushe zai zaro kulki, da yadda zai sa masa ankwa. Tare da ƙa'idojin aka turo wata malamar bita, 'yar siririya mai sanyin murya, irin mutanen nan da ba sa tsawa amma kana ganinsu ka gyara zama. Aka kuma haɗo da sabon batir na motar ofis. Tsakani da Allah, batirin ya fi faranta mana rai. Motar tamu a-kori-kura ce da ta girmi wasu daga cikinmu, sunanta Sai-an-tura, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai zalunce ta ba.

Da aka jera benci a tsakar caji ofis, malamar ta ce tana son mutum ɗaya da za a riƙa gwada kamun a jikinsa. Duk muka sunkuyar da kai, kowa ya shiga nazarin takalminsa. Sai muka ji murya daga bayan kanta, inda muke tsare masu laifi: "Yallaɓai, ni zan yi, in dai za a ƙara mini shayi da burodi."

Ɗan Haya ke nan. Ɓarawo ne, amma na ƙananan abubuwa: bokiti, kan famfo, takalmi a ƙofar shago, fanka idan Allah ya ba shi sa'a. Saboda yawan shiga da fita, har yana da kusurwarsa a bayan kanta da ƙusar da yake rataye rigarsa. Shi ya sa muke ce masa Ɗan Haya, duk da bai taɓa biyan haya ba. A wannan karon dutsen gugar maƙwabciyarsa ne ya kawo shi.

Haka aka yi bitar nan daga farkonta har ƙarshe. Kullum da safe a fito da shi, a zaunar da shi a gaba kusa da allo, wannan ya sa masa ankwa, wancan ya cire. Mu 'yan sanda kuwa, wani na gyangyaɗi, wani ya fita amsa waya, wani an aike shi bakin titi ya dawo ya tarar an wuce wurin. Mutum ɗaya ne tak bai rasa darasi ko ɗaya ba, don ba shi da inda za shi. Kafin a gama, har gyara yake yi mana. "Anti Kofur, ba ki yi gargaɗi ba kika kama ni," in ji shi, kuma abin haushin gaskiyarsa ce.

Ƙa'idojin ba su da wuyar ganewa. Malamar ta dunƙule su a magana ɗaya da ta sa muka riƙa maimaitawa kamar 'yan firamare: baki kafin hannu, hannu kafin kulki. Ba a bin mutum da gudu a cikin cunkoso, kada garin kama ɓarawon bokiti ka karya tsohuwa. Ka bi shi a hankali, kada ya ɓace maka, kana sanar da ofis ta oba-oba. Ba a ture mutumin da ke ɗauke da abin da zai cutar da jama'a idan ya zube. In ka sa ankwa, ka zura ƙaramin yatsanka tsakanin ƙarfen da wuyan hannu. In bai shiga ba, ka matse da yawa. Sannan duk wanda ke cikin ankwarka ya zama amanarka: ba ka barin sa shi kaɗai, ba ka ɗora masa kaya, ba ka barin kowa ya taɓa shi.

Wanda bitar nan ta fi zame wa ƙaya shi ne Saje Guduma. Dattijo ne mai igiya uku, ritayarsa ta kusa har an fara yi masa Allah ya sanya alheri. Tafin hannunsa ya kai faranti. Tun yana kurtu tsarin aikinsa ɗaya ne: mari tukuna, tambaya daga baya. Ƙorafe-ƙorafe a kansa sun taru a hedikwata, na ƙarshe daga wani tela ne da ya ce kunnensa na hagu bai daina ƙara ba. Sufeto ya faɗa masa a gabanmu, ba ɓoye-ɓoye: ƙorafi ɗaya ya rage, a tuɓe masa kaki ya tafi gida ba fansho. Ranar na ga mutumin da garin nan ke tsoro ya zauna a benci ya rasa inda zai ajiye hannayensa, ya sa su a cinya, ya mayar aljihu, ya sake fito da su. Wallahi ya ba ni tausayi, ni da ba na cikin masu son halinsa.

Matarsa, wadda muke kira Maman Bariki, ta zo ɗakina da yamma aron babbar allura da zaren ɗinkin takalmi. Ban tambaye ta me za ta ɗinka ba. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ki sa mini ido a kan babanku. Tun ina yarinya nake wanke kakin nan ina goge shi. Ba zan koma gida hannu rabbana saboda mari ɗaya ba." Na ce mata in Allah ya yarda, amma a raina na ce hali zanen dutse.

A ranar ƙarshe ta bita mai dutsen guga ta zo ta ce ta yafe, tunda an mayar mata da kayanta. Aka sallami Ɗan Haya da hantsi. Ya ɗauki rigarsa daga jikin ƙusa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana sallama kamar mai tafiya ƙasar waje, har malamar ta yi masa godiya a kan gudummawarsa. A tsakar gida direba ya buɗe gaban Sai-an-tura yana goge sabon batir da tsumma, abin da yake yi kullum tun da aka kawo shi. Na ga Ɗan Haya ya tsaya yana kallo, ya ce, "Kai, wannan batir ya yi kyau." Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi, amma waya ta yi ƙara a kanta, na koma ciki.

Ba a jima ba Sufeto ya ce a tayar da mota a nuna wa malama yadda muke fita aikin gaggawa yanzu da muka samu batir. Direba ya dawo daga shan shayi, ya shiga ya murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba. Ya fito ya ɗaga murfin gaba, sai ga wayoyi biyu suna lilo a inda batir yake. Ya ɗora hannu a ka ya fara salati.

Mai shayin bakin ƙofa ne ya warware mana. "Ai Ɗan Haya ne ya fita da shi a ka," in ji shi. "Har ya gaishe ni. Na ɗauka ku kuka aike shi ya kai caji."

Sufeto ya duba hagu ya duba dama. Duk samarin sun fita sintiri, daga ni sai Saje sai direban da ke ta salati. Malamar kuwa ta ja kujera ta zauna kusa da oba-obar ofis, fuskarta har wani haske take yi. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Ta ce, "Madalla, ga jarrabawa ta zo har gida. Saje ya bi shi, Kofur ta riƙe oba-oba tana faɗa mana duk abin da ke faruwa. Ina saurare."

Saje ya gyara hularsa, muka fita.

Ba mu sha wuyar hango shi ba. Mutum da batirin mota a ka ba ya ɓuya, kuma ba ya gudu. Yana can gaba a hanyar kasuwa, ya naɗe rigarsa ya yi gammo, yana tafiya da sauri-sauri wuyansa na rawa. Saje ya ɗaga ƙafa zai ruga, sai Ɗan Haya ya waiwayo da dukan jikinsa ya ɗaga murya.

"Saje, cunkoso ne fa! Ga mata, ga tsofaffi. Ba a gudu a nan!"

Saje ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama. Ya dube ni. Na ce, "Gaskiyarsa ce, Baba." Na danna oba-oba na ce muna ganin wanda ake zargi, muna bin sa a hankali. Muryar malamar ta fito a sanyaye: "Da kyau. A ci gaba da baki."

"Kai!" in ji Saje. "Tsaya nan, don ubanka!"

"Ba a zagi, Saje. Kuma ba ka faɗi ko kai wane ne ba."

"Ban faɗi ko ni wane ne ba? Ni da na fara kama ka tun ba ka da gemu?"

"Haka malama ta ce. Sai ka gabatar da kanka."

Na ga jijiyar wuyan Saje ta tashi. Ya ja numfashi ya ce, da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba, "Ni ne Saje, ɗan sanda. Ina umartar ka ka tsaya ka ajiye batirin hukuma."

"Yauwa, ka ga yanzu ka yi daidai," in ji Ɗan Haya, ya ci gaba da tafiyarsa.

To haka muka ratsa kasuwar nan, shi a gaba, Saje a tsakiya da gwiwoyinsa masu ciwo, ni a baya ina ba da labari kamar mai sharhin ƙwallo. Duk inda hanya ta yi fili, sai ɗan banzan ya karkata ya shiga inda mutane suka fi yawa. Sau ɗaya na zagaya ta bayan masu kayan miya na kusa cim masa, ya ce, "Anti Kofur, ruwan batir ne fa a ciki. Kika ture ni ya zuba a kan wani, ke za ki yi bayani." Na ja da baya ina cizon yatsa. Ban taɓa jin haushin ilimi ba sai ranar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda ya gane kamu muke yi. Mutane sun saba ganin Saje yana jan ɓarawo da kwalar riga, ba su taɓa ganin yana bin wani a baya yana lallashi ba. Wata mai sayar da kwanuka ta ce, "Sannu Saje, an samu ɗan dako ke nan?" A gaban shagon telan nan mai ƙarar kunne, Ɗan Haya ya gaji ya sauke batirin a kan dakali yana haki. Saje ma ya dafa turken fitila yana haki, tsakaninsu bai fi tsawon mota biyu ba, amma ko wanne ƙafafunsa sun ƙi. Telan ya leƙo ya ga Saje, ya rufe kunnensa na dama da hannu ya koma ciki.

"Ɗan nan," in ji Saje, "ka dubi girman Allah ka ajiye batirin nan. Me na yi maka?"

"Saje, kada mu fara wannan lissafin, rana za ta faɗi ba mu gama ba."

Saje ya saki turke ya taka. Nan da nan Ɗan Haya ya kira wani dattijo mai wucewa, "Baba, don Allah ɗora mini." Dattijon ya kama masa ya ɗora, har da gyara masa gammo, sannan ya juyo ya yi wa Saje faɗa a kan bai kamata hukuma ta riƙa ɗora wa talaka kaya mai nauyi haka ba ko ruwa ba a ba shi ba. Na sanar da ofis cewa wani ɗan ƙasa nagari ya taimaka wa wanda ake zargi.

Kuskuren Ɗan Haya ɗaya ne, shi ne inda ya nufa. Batir ba ya sayuwa a wurin masu tumatir, dole sai layin makanikai, can bayan tasha inda ƙasa ta yi baƙi da man inji. Abin da bai sani ba, saboda yana bayan kanta yana karatu, shi ne a 'yan kwanakin nan an addabi layin da satar batura. An wayi gari motocin mutane da aka kawo gyara ba sa tashi, masu su suna zagin makanikai. Mutanen a cike suke, jira kawai suke yi.

Duk da haka da mun wuce lafiya, don su ma sun ɗauka ɗan dako ne. Sai Sufeto, wanda haƙurinsa ya ƙare a ofis, ya fizge oba-oba daga gaban malama. Ni kuma na ƙure ƙarar tawa saboda hayaniyar kasuwa. Muryarsa ta fashe a tsakiyar layin kamar lasifikar tasha: "Wai kun kama ɓarawon batirin nan ko ba ku kama ba?"

Gudumar makanikai ta daina bugu. Injin walda ya mutu. Kawuna suka fito daga ƙarƙashin motoci, duk idanu suka sauka a kan mutum ɗaya mai batir a ka.

"Ɓarawo!"

Na sha jin kalmar nan a bakin aiki, amma duk lokacin da taro ya faɗe ta da murya ɗaya na san rai ake nema. Kafin ka ce kwabo sun kewaye shi, wani da sifana, wani da guntun katako, wani da bel ɗin inji. Masu wucewa da ba su san hawa ba su san sauka ba su ma suka shigo, kowa na neman abin duka. Na danna oba-oba na ce a turo mana agaji, sai na tuna motar da za ta kawo agajin batirinta ne a gabana.

Ɗan Haya ya sauke batirin a hankali, ya juyo. Duk iya shegen nan ya bar fuskarsa. Wannan karon shi ne ya yi gudu, cunkoso ko ba cunkoso ba, ya zo ya zube a gaban Saje ya miƙa hannayensa biyu.

"Saje, sa mini ankwa! Don Allah sa mini! In ka sa na zama amanarka!"

Saje ya ciro ankwa ya danna masa, ƙaras, ya tura shi bayansa ya jingina shi da wata tsohuwar bas marar tayoyi, ya tsaya a gabansa ya baje kafaɗu. Ni ma na matsa na tsaya a gefensa. Ya kai hannu ƙugu zai zaro kulki. Kulki ya ƙi fita. Ya ja, ya sake ja, har bel ɗinsa ya juya. Na duba, sai ga baƙin zaren ɗinkin takalmi an zagaye kulkin da shi an ɗinke shi da gidansa tsaf, ɗinkin mace mai tsoron talauci. Ashe aikin da allurata ta je yi ke nan.

"Ku ja da baya," in ji Saje. "Ni ne Saje, ɗan sanda. Mutumin nan yana hannun hukuma."

"Ba mu shi, Saje!" in ji wani mai faci, ƙato mai jan ido. "Ku kullum ku kama ku saki. Yau mu za mu yi masa hukunci."

Ya kawo duka da katako ta gefen Saje yana neman kan Ɗan Haya. Saje ya karkata ya tare. Katakon ya sauka a kafaɗarsa, tim, har hularsa ta faɗi.

Babu wanda bai san hannun Saje Guduma ba a layin nan, wasu a labari, wasu a kumatu. Mai facin ya saki katakon, ya tsaya kamar an dasa shi. Hannun nan na dama ya fara tashi a hankali, yatsu a buɗe, har ya kai saitin kunne. A ƙa'ida ma yana da hujja, tunda an dake shi. Amma wa zai yarda a hedikwata? Suna jin Saje ya mari wani za su rufe zancen, Maman Bariki ta kwashe kwanukanta.

Sai na ji raɗa daga bayansa: "Saje, fansho. Baki kafin hannu, Saje."

Hannun ya tsaya a sama. Can sai ya sauko a kan sanƙon Saje ya sosa, kamar dama abin da ya tashi yi ke nan. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kaɗe, ya sa.

"To," in ji shi, "tunda baki aka ce, bari mu yi baki. Kai mai faci, tayoyin nan da na same ka da su a bayan gidan surukinka, ka tuna ko in tuna maka? Da na miƙa ka ga taro ranar, da yanzu wa ke ciyar da 'ya'yanka?" Ya juya. "Kai kuma mai walda, wayar wutar da kake aiki da ita, daga ina ka jawo ta? In ɗaga kai in duba? Kai mai bel, ɗaga fuskarka in gani. Ai na san ka. Har yanzu kana sayar da man da aka tsiyaye daga motocin mutane?"

Ashe shekarun da ya yi yana marin garin nan bai manta fuska ko ɗaya ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da sana'arsa da abin da ya taɓa kawo shi gabanmu, a natse, ba zagi. Sai ga sifana tana komawa aljihu. Wani ya tuna ya bar mota a kan jak. Wani ya ce dama shi rabo ya zo yi. Wanda bai kai kansa ba tukuna ya ga gara ya tafi kafin a zo layinsa. Kafin wani lokaci wurin ya watse, saura mai facin yana ta "Yi haƙuri Baba, tsautsayi ne," Saje ya ce ya biyo mu ofis da ƙafarsa gobe ya yi bayanin tsautsayin.

Oba-oba ta yi ƙara. Ashe tun da aka fara yatsana na kan maɓallin, sai yanzu na saki. Malamar ta ce, "Mun ji komai. Saje, ka duba ankwar?"

Ya manta. Ya juya wurin Ɗan Haya, wanda ke zaune a ƙasa, ya durƙusa da kyar saboda gwiwa, ya kama hannayensa. Ya gwada zura ƙaramin yatsansa, yatsan da ya kai babban yatsan wani. Bai shiga ba. Ya ciro makulli ya sassauta, ya sake zurawa. Sai na ga ya tsaya, yatsan na ciki bai fitar ba. Ya ture ƙarfen sama kaɗan ya duba. A wuyan hannun akwai tabo, baƙi, mai kauri, ya zagaye hannun kamar awarwaro. Ya duba ɗaya hannun, shi ma haka. A duk kwanakin bitar nan kowa ya zura yatsa a wurin, amma Saje kullum sai ya sami dalilin fita idan layi ya zo kansa.

"Wa ya yi maka wannan?"

Ɗan Haya ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Haba Saje."

"Tambayar ka nake yi."

"Kai ne mana. Na hagun nan tun kamun farko ne, ranar da ka bar ni da ita har gari ya waye. Na daman kuma a hankali ya taru."

Saje ya daɗe yana kallon hannun, har na fara jin kunyar tsayuwata a wurin. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Kai kaɗai ne mai irin wannan?"

"A'a, Saje. Muna da yawa."

Ya miƙe da kyar, ya ɗaga shi tsaye. Saura batir a ƙasa. Saje ya nuna shi da haɓa ya ce, "To ɗauki mu tafi."

Ɗan Haya ya ɗaga hannayensa masu ankwa, idonsa ya fara dawowa daidai. "Ba a ɗora wa amana kaya, Saje."

Suka juyo su biyu suka dube ni. Na ce ni oba-oba aka ba ni, kuma da hannu biyu ake riƙe ta.

Haka muka koma ta cikin kasuwar nan, Saje Guduma mai igiya uku da batir a ka a kan gammon rigar ɓarawo, kafaɗa a kumbure, ɓarawon na tafe a gefensa yana ce wa mutane su ba da hanya. Mai kwanuka ta buɗe baki ta kasa rufewa. Tela ya fito har bakin titi yana kallo, hannunsa bai je kunne ba. A ƙofar ofis muka tarar da Sufeto da malama da direba, da Maman Bariki da kwanon abinci a hannu, idonta a kan kulkin nan. Direba ya rungume batirinsa kamar ɗan da ya ɓata.

Sufeto ya ce, "Kofur, an yi amfani da ƙarfi?"

Na ce, "An yi, yallaɓai. A kan Saje."

Malamar ta ce a rubuta cewa an bi ƙa'ida daga farko har ƙarshe. Maman Bariki ta zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko kuka take ko dariya. Aka yi ta yi wa Saje barka, Sufeto har da dafa masa kafaɗar da ke ciwo.

Shi dai bai tsaya amsa barka ba. Ya kai Ɗan Haya bayan kanta da kansa, ya cire masa ankwar a hankali, ya rataye masa rigarsa a jikin ƙusarsa. Ina kanta ina jin su. Saje ya ce, "Sauran da ka ce kuna da yawa, ka san inda suke?"

"Na san wasu."

"In ka fito ka raka ni."

"Kama su za ka yi, Saje?"

"A'a," in ji Saje. "Hannunsu nake so in gani."